Taici, Shingyi da Bagwa: ina faɗan ya shiga, kuma hannun wa za ka nema?

Dong Haichuan, mutumin da kusan duk masu Bagwa na duniya, ɗaya daga cikin fannonin faɗan gargajiya na Chaina, suke jingina kansu gare shi, ya rasu a Beijing a 1882, kuma in ka bi manyan ɗalibansa ɗaya bayan ɗaya za ka ga wani abu da ya kamata ya tsaya wa duk mai sha'awar harkar nan a rai, wato da wuya ka samu biyu a cikinsu masu yin abu iri ɗaya. Yin Fu ya zo masa ne da wani salon faɗan naushi da hauri da ake kira Luohan a hannunsa, sai Bagwarsa ta fito mai saurin suka da tsinin yatsu, a shiga a fita. Cheng Tinghua kuwa, mai shagon tabarau, ɗan kokawa ne tun kafin ya san Dong, kokawar nan tasu ta Chaina da suke kira shuai jiao, shiyasa tasa Bagwar ta cika da kamu da juya mutum da maka shi da ƙasa. Mutanen nan sun riga sun san zafin naushi a fuska, sun san faɗuwa, shi malamin sabon taku ya ba su da sabuwar hanyar haɗa jiki, ya ɗora a kan abin da suka zo da shi.

To a nan gizo ke saƙar. Yau akasin haka ake yi, mutum bai taɓa cin kwalar kowa ba, ba a taɓa ture shi da gaske ba, sai ya shekara goma yana maimaita jerin motsi shi kaɗai, sannan a ce masa ai faɗan yana ciki, wata rana zai fito da kansa. Ba ya fitowa. Ni ina son fannin nan sosai, kuma don ina sonsa ne abin yake min ciwo in na ga yanda ake sayar wa mutane da rabinsa a kuɗin cikakkensa.

Fannoni uku ne ake haɗawa a kira su na ciki. Taici shi ne wanda kowa ya sani, mai tafiya a hankali. Shingyi miƙe yake tafiya, naushi biyar ne ginshiƙinsa sai siffofin dabbobi 12, kuma kana ganinsa ka san da mashi aka haife shi. Bagwa kuma zagaye da'ira ce da sauya tafin hannu, kullum neman gefen abokin faɗa ko bayansa ake. Maganar raba faɗa gida biyu, na ciki da na waje, ta fara fitowa a rubuce ne a 1669, cikin rubutun kabarin wani gwani mai suna Wang Zhengnan da malamin nan Huang Zongxi ya yi, inda ya jingina na waje ga gidan bautar Shaolin, na ciki kuma ga Zhang Sanfeng, wani malamin addinin Dao da ake ba da labarinsa a dutsen Wudang, amma fa faɗan da yake magana a kai ba ɗaya daga cikin ukun nan ba ne. Wanda ya fi kowa tasiri wajen sa su a kwando ɗaya shi ne Sun Lutang, wanda ya koyi dukkansu ya kuma fara buga littattafai a kansu daga 1915. Kenan haɗin nasu bai wani tsufa can ba.

Abin da ya sa suka cancanci zama dangi shi ne yanda suke neman ƙarfi. Maimakon damtse ya yi aikin shi kaɗai, ana so mutum ya saki kafaɗa, ya saki ƙirji, ya zaunar da ƙugu, ta yanda in ya tura da tafin hannu ƙarfin daga ƙasa ya taso, ya bi ƙafa, ƙugu ya juya shi, ya bi bayan mutum ya fita a hannu ba tare da ya tsinke a hanya ba. In kuma shi aka tura, turin ya bi wannan hanyar ya koma ƙasa maimakon ya tsaya masa a ƙirji ya tuntsurar da shi. Wannan abu ne na gaske, ana koyonsa, ana jinsa a jikin wanda ya iya, za ka tura siririn tsoho da iya ƙarfinka ka ji babu inda za ka kama, kana ƙara ƙarfi kana jin diddigenka na ɗagawa. Su malaman da kalmar chi, wato wani ƙarfin rai da suke cewa yana zagaya jiki, suke bayaninsa saboda yarensu na likitanci da falsafa kenan tun da can, ni kuma ban ga laifin hakan ba matuƙar in an taɓa mutum an ji abin a hannunsa. Inda matsala take shi ne in kalmar ta zama mafaka, ana ta faɗinta amma ba a yarda a taɓa ba.

Su waye asalin masu abin? Ba masu neman natsuwa a lambu ba ne. Chen Wangting, wanda mutanen ƙauyen Chenjiagou na lardin Henan suke ɗauka a matsayin tushen Taicinsu, jami'in soja ne a ƙarshen daular Ming a ƙarni na 17, kuma masanin tarihi Tang Hao da ya je ƙauyen a shekarun 1930 ya nuna sunayen motsinsu da yawa sun yi daidai da na littafin horar da sojoji na Janar Qi Jiguang. Shingyi ta yi ƙarfi ne a Shanxi, ƙasar manyan fatake da masu hada-hadar kuɗi, inda ake ɗaukar 'yan rakiya su tsare ayarin azurfa daga 'yan fashi, mutum in bai iya ba gawarsa za a kawo. Yang Luchan da ya koyo a hannun Chen Changxing ya kai Taici Beijing, ai da gwabzawa ya yi suna har ake masa laƙabi da wanda ba a cinsa. Duk mutanen nan suna ɗaga nauyi, suna girgiza doguwar gora mai nauyi, suna kokawa da junansu, jerin motsin wani yanki ne kawai na aikin yini.

Sai bindiga ta zo, jirgin ƙasa ya zo, banki ya zo, sana'ar rakiya ta mutu. Shi kansa Cheng Tinghua harsashin sojojin ƙasashen waje ne ya kashe shi a Beijing a 1900. Daga nan masu fannin suka koma neman abinci a wurin attajirai da ma'aikatan gwamnati da 'yan boko, mutanen da lafiya suke so ba karyewar haƙarƙari ba. Yang Chengfu, jikan Yang Luchan, wanda ya rasu a 1936, shi ya daidaita jerin motsin gidansu ya zama mai faɗi, mai tafiya a hankali da gudu ɗaya, tsalle da buga ƙafa da fashewar ƙarfi duk aka rage su. A 1956 hukumar wasanni ta Chaina ta fitar da gajeren jeri mai motsi 24 don talakawa su motsa jiki, kuma shi ne yau ya cika duniya. Ba na ganin wannan a matsayin cin amana, ya amfani miliyoyin mutane. Amma dole mai nema ya san cewa abin da ya bazu shi ne ɓangaren da ya fi sauƙin koyar wa mutum 100 a fili ɗaya, ɓangaren da ke buƙatar jiki ya haɗu da jiki kuwa a hannun 'yan tsiraru ya rage.

Bari mu ɗauki motsi ɗaya mu duba shi da kyau. Akwai wanda ake kira raba gezar dokin daji, yana nan kusa da farkon jerin 24 ɗin. In kana kallon mai yi shi kaɗai za ka ga ya tako ƙafa gaba, hannu ɗaya ya tashi a karkace tafinsa na kallon sama, ɗayan ya sauka wajen cinya, shikenan, kyakkyawan abu. Yanzu sa mutum a gabansa. Hannun da ke sauka wuyan hannun abokin faɗa ya riƙe yana jansa ƙasa, ƙafar da ta tako ta shige bayan ƙafarsa ta tokare ta cinya da cinya, hannun da ke tashi kuma ya bi ta ƙarƙashin hammatarsa ya gitta masa ƙirji, sai ƙugu ya juya, mutum ya tafi ta baya ya faɗi a kan ƙafar da aka dasa masa. Taɗiya ce da kayarwa. Kuma in ka bi jerin Taici haka za ka ga kaso mai yawa na abin da mutane ke zaton naushi ne ko tare naushi, a gaskiya kamu ne, da karya tsayuwar mutum, da murɗe gaɓa, da bugu da kafaɗa ko gwiwar hannu daga kusa kusa.

To amma sanin ma'anar motsin daban, iya yinsa daban. Ka lura da yanda ake nuna shi a yawancin azuzuwa da bidiyoyi, ɗalibi zai kawo naushi ɗaya daga nesa, naushin da ko an bar shi ba zai kai hanci ba, sai ya daskare da hannu a miƙe yana jira, malam kuma ya yi masa abu huɗu ko biyar a jere. A matakin farko babu laifi, ta haka ake gane inda ƙafa za ta shiga. Laifin shi ne a tsaya a nan. Wanda ya zo dukanka da gaske yana janye hannunsa da sauri fiye da yanda ya kawo shi, na biyu na biye, yana matsawa, yana riƙe maka riga, kuma in ya ji ƙafarka a bayan tasa ɗagawa zai yi ya sake wuri. Motsin yana nan daram, yana aiki, amma ƙofar shigarsa ba ta kai ƙiftawar ido ba, kuma gane wannan ƙofar ba a samunsa sai an yi ta gwadawa a jikin wanda ba ya so a kayar da shi, a kasa, a sake, a kasa, har jiki ya fara shiga da kansa kafin tunani ya iso.

Tsofaffin sun san haka, shiyasa suka ƙirƙiro turin hannu, tuishou. Mutum biyu za su tsaya fuska da fuska, wuyan hannu a manne da wuyan hannu, ɗayan hannun a gwiwar hannun abokin, sai a fara zagayawa, wannan ya turo wancan ya karɓa ya karkatar ya mayar. Abin da ake koyo a ciki suna ce masa sauraro, wato fatarka ta riƙa jin inda nauyin mutum yake da inda ya nufa tun kafin ya gama niyya. Za ka ji lokacin da kafaɗarsa ta ƙage, ka ji lokacin da nauyinsa ya zube a diddige, kuma daidai wannan lokacin in ka ɗan ƙara masa kaɗan a inda ya riga ya karkata sai ya tafi, har ya yi mamakin ƙanƙantar abin da ya ɗaga shi. Maganar nan tasu ta cewa ƙaramin nauyi na kautar da babba, ga inda take, kuma wallahi duk wanda ya taɓa jin an yi masa ita da kyau ba zai ƙara cewa fannin ƙarya ba ne.

Ɗan kokawar gargajiya na Dosso ko Sakkwato zai gane wannan magana tun kafin a gama ta, don shi ma da ya dafa kafaɗar abokin karawarsa ya san ko yau akwai aiki, yana jin inda mutum ya jingina, yana jira ya ɗaga ƙafa ya bi shi. Bambancin shi ne ɗan kokawa bai taɓa rabuwa da abokin da ke ƙoƙarin kayar da shi da gaske ba, kullum a cikin gwaji yake a gaban jama'a, su kuwa masu Taici da yawa sun mayar da turin hannun wani tattausan zagaye na ladabi, wanda in ka ɗan sa ƙarfi sai a ce maka ka cika tauri, ba ka gane ba tukuna.

Kuma ko turin hannun da ake yi da gaske yana da iyaka, wannan ce maganar da masoya fannin ba su cika son ji ba. Yana farawa ne hannu na taɓa hannu, alhali faɗa daga nesa yake farawa. Bai koya maka yanda za ka ratso tazarar da ke tsakaninku ana jifanka da naushi ba, bai koya maka buɗe ido a lokacin da abu ke tahowa fuskarka ba, bai koya maka abin da za ka yi in numfashi ya ƙare ƙafa ta fara rawa ba. A Janairun 1954 a Makawo da ke kudancin Chaina an yi karon neman taimako tsakanin Wu Gongyi, babban magajin gidan Taici na Wu wanda ya haura shekara 50, da Chen Kefu na fannin Farin Zalɓe, hoton bidiyon yana nan har yau, kuma abin da za ka gani mutum biyu ne masu zuciya suna wurga hannu, jini ya fito a hanci, aka tsayar a zagaye na biyu ba tare da an ba kowa ba. Ba za ka ga kyawawan motsin nan na littafi ba. A Afrilun 2017 a Chengdu, Xu Xiaodong mai faɗan gauraye na zamani ya gama da Wei Lei, mai kiran kansa shugaban wani salon Taici, cikin abin da bai wuce daƙiƙa 20 ba. A Mayun 2020 kuma Ma Baoguo, yana dab da shekara 70, ya sha ƙasa sau uku cikin daƙiƙa 30 a hannun wani da ba ma ƙwararre ba ne. Abin ya kai hukumar wushu, wato faɗan gargajiya na Chaina, a shekarar ta ja kunnen mutane su daina naɗa wa kansu sarautar babban gwani.

Abin da ya fi taɓa ni a bidiyon Wei Lei da na Ma Baoguo shi ne alamar sun yarda da kansu da gaske. Mayaudarin da ya san ƙarya yake ba zai hau fili a gaban kyamara ba. Su shekaru suka yi ɗalibansu na faɗuwa da an taɓa su, har suka ɗauka haka jikin kowa yake. Kuma ba sai wani ya shirya ƙarya ba abin ke faruwa, ɗalibi yana girmama malam, ya san inda ake so ya faɗi, ya ga na gaba da shi sun yi tsalle baya, shi ma jikinsa ya koyi yi, a hankali a hankali har a kai matsayin da malam zai kaɗa hannu daga nesa mutane su zube, abin da suke kira ƙarfin da ba taɓawa. Wannan bai taɓa aiki a kan baƙon da bai san dokar gidan ba. In ka ga ana yinsa a makaranta, ka ɗauki takalminka.

Ba yau aka fara wannan kuka ba, kuma daga cikin gida aka fara shi. Wang Xiangzhai, wanda ya taso a Shingyi, ya ga mutane sun nutse a haddar jeri sun manta abin da ake nema, sai ya watsar da jerin gaba ɗaya ya kafa nasa salon mai suna Yiquan a kan tsayuwa da gwajin ƙarfi da taku da gwabzawa, kuma a wajajen 1940 ya fito a jaridun Beijing ya soki halin da fannin ya shiga ya ce duk mai ja ya zo a taɓa hannu. Ba sai ka yarda da shi a komai ba, ni kaina ina ganin jerin motsi yana da amfaninsa, rumbu ne na dabaru kuma yana gyara yanda jiki ke tafiya. Amma tambayar da ya yi tana nan.

Saboda haka kafin ka nemi malami ka fara yi wa kanka gaskiya a kan abin da kake so. In lafiya ce, da ƙarfin ƙafa, da kwanciyar hankali, da abin da za ka iya yi har tsufa, to ka zo gida, kuma kada kowa ya raina maka wannan niyya. A 2012 mujallar likitanci ta New England ta buga binciken da aka yi a Oregon ta Amurka a kan mutum 195 masu cutar Parkinson mai sa kakkarwar jiki, waɗanda suka yi Taici sau biyu a mako na tsawon mako 24 sun fi waɗanda aka sa wani motsa jikin daban samun daidaiton tsayuwa, kuma faɗuwarsu ta ragu in aka gwada da masu miƙe jiki kawai. Ga tsoho, rashin faɗuwa a banɗaki ya fi masa iya naushi amfani nesa ba kusa ba. A wannan ɓangaren malami mai haƙuri wanda ya san gaɓoɓi ya wadatar ko da bai taɓa faɗa ba, sharaɗin kawai kada ya ce maka yana koya maka kare kai.

In kuwa amfani da shi kake so a jikin mutum, neman ya fi wuya, kuma silsila kaɗai ba za ta fisshe ka ba. Kowa zai nuna maka takarda da hoto, wane ya koya a wurin wane har zuwa Yang Luchan. Silsila tana da daraja, tana nuna abin bai faɗo daga sama ba, amma hoto da babban malami a taron kwana uku ba ya nufin an zauna an koya, kuma ko ɗan cikin gida ne ana iya gadon suna ba a gaji hannu ba. Ni abin da na fi yarda da shi shi ne a kalli ɗaliban da suka daɗe. Malam yana iya zama mai baiwa shi kaɗai, ko ya samo ƙarfinsa a wani fannin da bai faɗa maka ba, amma in waɗanda suka shekara biyar a hannunsa ba su iya tsayawa a gaban turin baƙo ba, kai ma haka za ka zama. Ka duba ko suna sa safar dambe da robar baki wani lokacin su gwada da gaske, ka duba ko suna fita su taɓa hannu da mutanen wasu makarantu ko kuwa an hana su, ka tambaye shi motsi kaza me ake yi da shi ka ga ko zai tashi ya nuna maka a jikinka ko zai ce sai bayan shekara goma. Kuma in ka nemi ka tura shi, cikin ladabi fa, ba da neman kunyata dattijo ba, malamin kirki murna yake yi.

Akwai kuma gyara. Wannan fanni ne da santimita biyu ke raba daidai da kuskure, kuma kai ba ka jin karkacewarka. Za ka tsaya a tsayuwar nan ta rungumar bishiya, gwiwa a ɗan lanƙwashe, hannuwa a zagaye a gaban ƙirji, kana ganin ka miƙe sarai, sai malam ya zo ya sa yatsa biyu a ƙugunka ya ɗan zaunar da shi, ya ja haɓarka ciki kaɗan, ya dafa kafaɗa ta sauka, nan take nauyin da bayanka ke ɗauke da shi ya zubo cikin cinya, cinyar ta kama wuta ta fara kakkarwa cikin minti ɗaya, alhali ɗazu kana iya minti goma kana tunanin kasuwa. Wannan gyaran shi ake biya wa kuɗi, kuma shi ne bidiyo ba zai taɓa yi maka ba. Malamin da ke tsayawa a gaba kullum ana kwaikwayonsa daga baya, bai taɓa zagayowa ya taɓa kowa ba, jagoran motsa jiki ne kawai. Gwiwa ma a kula da ita, ciwon cinya na aiki daban yake da ciwo a cikin gaɓar gwiwa, na biyun alama ce ta cewa gwiwar tana murɗewa ba ta bin saitin yatsun ƙafa, ko an sauka ƙasa fiye da ƙarfin mutum, kuma duk wanda ya ce maka ka daure chi ne ke buɗe hanya, zai lalata maka ƙafa.

Wurin nema fa? Chenjiagou tana nan cike da makarantu, ƙauyen da abin ya kusa mutuwa a cikinsa har sai da Chen Zhaopi ya dawo a 1958 ya tayar da shi, ya horar da su Chen Xiaowang da Chen Zhenglei da Wang Xi'an da Zhu Tiancai, kuma turin hannun matasan can kusan kokawa ce tsagwaronta, suna kayar da juna sosai. Tun da UNESCO ta sa Taici cikin kayan gadon duniya a Disambar 2020 kasuwar ta ƙara buɗewa, da mai kyau da marar kyau. Wudang akwai kyan wuri da kayan sawa masu ɗaukar ido, amma yawancin makarantun da ke karɓar baƙi daga shekarun 1980 zuwa yau suka taso, labarin Zhang Sanfeng kuma masana tarihi ba su samo masa hujja ba. Taiwan ta riƙe layuka masu kyau saboda waɗanda suka ƙaura can a wajajen 1949, irin su Zheng Manqing wanda daga baya ya koma New York a 1964, da Wang Shujin, sai kuma makarantar Hong Yixiang a Taipei da aka sani da gwabzawa ta gaske. Mutanenmu masu zuwa Gwanzu sarin kaya kuwa, in mutum ya daure ya fita lambun shaƙatawa da sassafe zai tarar da rukuni rukuni, mafi yawansu lafiya suke nema, amma a gefe akan samu 'yan tsirarun da ke turin hannu, kuma sau da yawa ta bakinsu ake jin sunan malamin da ba shi da allo ba shi da talla.

Wani abu da Musulmi zai so ya sani tun da wuri shi ne bikin karɓar almajiri na gargajiya, baishi. A nan ne ɗalibi ke miƙa wa malam shayi da jar ambulan ta kuɗi da takardar neman shiga, kuma a tsohuwar al'ada har da durƙusawa a kai goshi ƙasa a gaban malam da hotunan magabata, wani lokacin da turare. Wannan na ƙarshen ba abin da za ka yi ba ne, kuma gara ka faɗa tun kafin ranar, cikin mutunci, ka ce za ka miƙa shayin ka yi gaisuwar dunƙulen hannu cikin tafi. Ba kai ne Musulmin farko a harkar ba. Reshen Xinyi Liuhe na Henan, ɗan'uwan Shingyi na jini, a hannun Musulmin Chaina da ake kira Hui ya rayu tun daga Ma Xueli na Luoyang a ƙarni na 18, sun daɗe ba sa koya wa wanda ba nasu ba sai a ƙarni na 20 da irin su Lu Songgao suka buɗe shi a Shanghai, kuma an san shi a cikin mafi zafin salon gaba ɗaya. Sannan ka sani koyo ba ya buƙatar baishi, alƙawari ne na zama ɗan gida da ɗaukar nauyin suna, wanda ya matsa maka ka yi shi a watan farko tare da kuɗi mai kauri don a buɗe maka sirri, ciniki yake.

Wanda kuma yake Kano ko Zinder ko Kumasi, babu malami a kusa kuma babu kuɗin jirgi, ba a ce ya haƙura ba, amma ya san abin da zai samu da wanda ba zai samu ba. Za a ƙara jin sunan wushu a yankinmu tunda an sa shi cikin wasannin Olympics na matasa da aka tsara yi a Dakar a 2026, har da Taici, sai dai wancan gasar nuna jeri ce, alƙalai na ba da maki a kan kyau da daidaito, wanda ya koya maka ita ya koya maka wasa mai kyau amma ba amfani da shi a jikin mutum ba. Daga bidiyo kana iya ɗaukar tsayuwa, da taku, da motsi uku ko huɗu, ka bar haddar dogon jeri tukuna, ka bi malami ɗaya maimakon tsintar goma, in da hali wanda zai kalli bidiyonka ya yi maka gyara. Sauran kuma ka nemo shi a inda yake a garinku, ɗakin judo, ko 'yan damben zamani, ko 'yan kokawa, ka shiga a matsayin sabon ɗalibi ka koyi faɗuwa da karɓar naushi a wurinsu. Sai ka samu aboki ɗaya mai hankali wanda ba zai ji maka ciwo ba kuma ba zai faɗi don ya faranta maka ba, ku ɗauki motsi ɗaya, ko raba gezar dokin nan, ku fara a hankali yana ba ka hanya, bayan wasu makonni ya fara hanawa da rabin ƙarfinsa, daga baya ya hana da gaske yana kuma neman kayar da kai, a kan yashi ko katifa, ba a kan siminti ba.